Rubutun Mako: Muna Jin Su, Ba Sa Jin Mu

Ƙorafin da ya fi yawa a tsakaninmu, mu da muka ɗaura oba-oba a mota, shi ne muna jin mutane tsaf amma su ba sa jin mu, ko kuma da an yi nisan kilomita uku sai murya ta koma shuuu. Duk mai bin hanyoyin da sabis ɗin waya ke ɗaukewa ya san nauyin wannan magana. Idan mota ta tsaya a daji da magariba, abokan tafiya sun yi gaba, rediyon nan ne zai juyo da su.

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sayi rediyo mai ƙarfi, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Wanda ya tashi daga wat 25 zuwa wat 50, desibel 3 kacal ya ƙara, da ƙyar mai sauraro zai lura. A zangon mita biyu, wato 144 zuwa 146 MHz, sigina miƙe take tafiya kusan kamar haske, tudu da gini suna tare ta. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana hango kimanin kilomita 6, motoci biyu a fili kimanin 12, bayan nan sai ta fara raunana. Motar da ta hau tudu mai mita 100 kuwa tana hango fiye da kilomita 40. Shi ya sa mukan ce a fara neman tudu kafin a nemi kasuwa.

Mu daga eriya muke fara bincike. Eriyar rubu'in zango, mai tsawon kusan santimita 50, rabin aiki take yi, ƙarfen jikin mota ne ke cika sauran rabin. Tsakiyar rufin mota ne gidanta. Wani ɗan uwa ya kawo mana Hilux ɗinsa yana cewa rediyon jabu aka sayar masa. Da muka duba, eriyar tana bayan kan mota a ƙasa-ƙasa, ƙarfe ya rufe ta ta gaba, gindinta kuma yana zaune a kan fenti da tsatsa. Aka kankare wurin, aka ɗaga ta sama, a ranar ya yi magana da wanda bai taɓa kaiwa ba, da wannan rediyon da yake zagi.

Daga nan sai mitar SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo maimakon ya fita. A kan 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa. A kan 3, rubu'i ne cur, kuma yawancin rediyoyi suna rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone. Mukan auna a farkon zango da ƙarshensa. Idan lambar ta fi kyau a 144, eriyar ta yi tsawo, a rage ta kaɗan-kaɗan. Idan a 146 ta fi kyau, ta yi gajarta.

Sai dai mitar ma tana iya ruɗar mutum. Kebul ɗin da ruwan damina ya shiga yana cinye ƙarfin a hanya, sai mita ta nuna lamba mai kyau alhali abin da ke fita kaɗan ne. Don haka mukan bi kebul da hannu tun daga eriya har rediyo, musamman inda ƙofa ke matse shi, mu kwance mahaɗin PL-259 mu duba ƙurar hunturu da koren tsatsa.

Wuta ce ta ƙarshe, kuma ita ce takan bayyana dalilin da ya sa ake ji ba a jin ka. Sauraro ba ya cin wuta sosai, amma rediyo mai wat 50 yana jan kimanin amfiya 10 lokacin magana, kuma bolt 13.8 yake so. Soket ɗin cajin waya da siririyar wayarsa ba za su ɗauki wannan ba. A auna wutar a bayan rediyo ana danne da maɓallin magana. Idan ta faɗi ƙasa da 12, a sa mai wayarin mota ya ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fis a kusa da batirin.

Duk wannan binciken ba ya wuce awa guda a ƙofar gida, da rana, kayan aiki na kusa. Muna roƙon kowa ya yi shi kafin tafiya ta gaba, ya kuma kira wani ɗan uwa daga nesa ya tabbatar ana jin sa. Allah ya tsare mana hanya, ya kai mu gida lafiya.