Girafik Kad Da Aljihun Ɗalibi: Lissafin Da Na Yi Daga Kontagora

Jama'a, yau maganar kwamfuta ce, wanda ba ya buga gem ya yi haƙuri ya wuce. Ko kuma ya tsaya, don rabin maganar ta kuɗi ce da wutar lantarki, kuma ban san ɗalibin da waɗannan biyun ba su taɓa ba.

Ina digiri na biyu a FUT Minna. Mun gama shiga aji, saura bincike, shi ya sa na dawo gida Kontagora ina ɗan koyarwa ina tara abin da ya samu. Dubu ɗari biyu da hamsin na haɗa cikin wata bakwai. A cikin kuɗin nan akwai na motar zuwa Gidan Kwano wajen malamina, akwai na zagayen tattara bayanai, akwai na buga kundi. Sai kuma zuciya ta ce a saka girafik kad, wato katin da ke ɗaukar nauyin hoto, don kwamfutata in na buɗe GTA V sai ka rantse motar a cikin taɓo take tafiya.

Kwamfutar irin Dell OptiPlex ɗin nan ce da ofisoshin Turai suka gama da su aka turo mana, Core i5 ƙarni na 6, RAM giga 16. Da yawanmu irinta gare mu, kuma a nan lissafin yake farawa. Fawa saflai ɗinta wat 240 ne kacal, kuma babu wayar da ake jona wa kati. Ramin da ake soka katin a kan allon kwamfuta wat 75 yake iya bayarwa. Duk katin da ya fi haka ci, sai ka canza fawa saflai, ita kuma irin wannan kwamfutar mahaɗin wutarta daban yake, sai an nemo wayar haɗi, wani lokacin har akwatin sai an sauya. Kafin ka ankara kati ya zama sabuwar kwamfuta.

Wanda ya fi ja na shi ne RX 580 mai giga 8. Ya fito tun 2017, amma har yanzu yana da ƙarfi, kuma a Jiji shi ne ya fi araha idan aka auna da aikinsa. Arahar tana da dalili. Irinsu aka riƙa jerawa ana haƙar Ethereum dare da rana, sai a watan Satumba na 2022 Ethereum ta daina aiki da haƙa, masu su suka zubo su kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fanka ta gaji. Akwai kuma mai suna RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar China. Sunan 580 ne, amma cikinsa kusan na RX 570.

Ko da ka samu mai kyau, yana shan wat 185. Mu zauna mu yi lissafi irin na ɗan Kontagora. Kainji da Shiroro duk a jiharmu suke, amma kowa ya san yadda dare yake, a kan inbata nake yawancin aikina. Bambancin 185 da 75 wat 110 ne. Buga gem na awa uku, ka sha ƙarin 330. Batir mai 12 bolt da 100Ah yana riƙe kimanin 1,200, kuma in kana so ya daɗe, rabi za ka ja, wato 600. Ka ga ƙarin nan kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da gidan zai kwana da shi. Ni in kashe fankar Hajiya a watan Afrilu saboda eFootball? Wallahi ko ƙannena ba za su yafe min ba. Ga zafin da katin ke fitarwa a ɗaki, ga ƙurar hunturu da ke toshe shi.

Wani abokina ya ce in daure in sayi RTX 3060 mai giga 12, in ce wa Baba na bincike ne. Maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: masu koya wa kwamfuta gane hotuna suna son katin Nvidia saboda CUDA, kuma giga 12 abin so ne. Amma ni na san aikina. QGIS ne da alƙaluma, ɗan abin da ke buƙatar kati kuwa Google Colab yana ba ka aro kyauta muddin kana da data. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan nan suka yi sama, 3060 zai haɗiye kuɗin kundina duka ya nemi ƙari, sannan firosesata ba za ta iya ciyar da shi ba. In gem nake so in buga, gara in kira shi gem. Dattijon da ya biya min kuɗin makaranta shekara da shekaru bai cancanci a naɗe masa wasa a cikin takardar ilimi ba.

Sai aka koma ga masu wat 75. GTX 1050 Ti ya tsufa, kuma shi aka fi yi wa jabu, a ɗauko tsohon kati a canza masa suna a ciki. RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024 shi ne daidai da kwamfutata, sai dai kuɗinsa ba daidai da ni ba. Na tsaya a kan GTX 1650 na hannu, giga 4. Ba zai burge kowa ba, sababbin manyan wasanni ma sai an sauke komai ƙasa. Amma GTA V da ƙwallo a 1080 zai kai su, kuma su nake bugawa. A lura, wasu 1650 ɗin suna da ramin wayar wuta, wanda babu nake nema. Mai siririyar kwamfuta kuma ya nemi gajeren kati, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.

Ba zan tura kuɗi a sa min a mota ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Banex a Abuja da GPU-Z da FurMark a filashi. A soka katin a gabana, in ga ainihin sunansa, a gasa shi minti ashirin ina kallon zafinsa da fankarsa. Mai shagon da ya ƙi gwaji, sai in yi masa sallama in shiga na gaba. Na riga na ware kuɗin bincike na bar su a hannun yayata, da sharaɗin ko na kira daga Abuja ina rantsuwa kada ta turo.