Ruwa Na Ƙasa: Zagayen Lambunan Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi

A arewacin Zamfara damina ba ta daɗewa. Ruwan sama na kirki daga Yuni ne zuwa Satumba, daga nan sai hunturu, sai bazara, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40. Amma duk da haka, ko a watan Maris ba a rasa tumatir da albasa da tattasai da alayyafo a kasuwannin yankin. Ta yaya masu lambu ke raya shuka alhali ƙasa ta bushe ƙamas? Wannan tambaya ce ta kai mu Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Mun fara da Ƙaura, garin da layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929. Garin yana kusa da gulbin Gagare. Da rani in ka leƙa gulbin, yawanci yashi za ka gani shimfiɗe, sai ka ce bai taɓa ɗaukar ruwa ba. To amma Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ruwan damina yana nutsewa cikin yashin, ya kwanta inda rana ba ta kai masa. Shi ne masu lambu ke tona ƙananan rijiyoyi su tarar.

Da can da jigo ake ɗebo shi, wato doguwar sanda mai guga a gaba da nauyi a baya. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya taimaka wajen yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da bututun da ake kafawa a ƙasa. Inji ya rage wahala, amma yana shan fetur, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabo. Yanzu duk ruwan da ya malale a banza kuɗi ne suka zube. Saboda haka gwanin mai lambu shi ne wanda ya iya hana ruwa gudu.

Daga Ƙaura muka bi ta Moriki zuwa Shinkafi, garin da kasuwarsa ta ranar Alhamis ta yi suna har ƙasar Nijar. A lambunan bakin fadama mun lura ba a yin kunya mai tudu irin ta gero. Fangali ake yi, wato ƙananan ɗakuna masu ɗan zurfi da aka kewaye da ƙasa. In an buɗe wa fangali ruwa, sai ya tsaya cikinsa ya nutse zuwa saiwa, a toshe, a buɗe na gaba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da sassafe ko da yamma lis ake ban-ruwa. Kun dai koya a darasin kimiyya cewa zafi da iska suna mai da ruwa tururi. Wanda ya shayar da rana tsaka ya raba ruwansa da rana ne. Haka kuma yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, inda ƙasa ke saurin bushewa. Shayarwa sosai, sannan a ɗan dakata, ita ke sa saiwa ta bi laima zuwa ƙasa. Sai dai iri da sabon dashe, waɗanda saiwarsu ba ta yi nisa ba, su kam suna son ruwa a kai a kai.

Daga nan muka juyo muka nufi gabas zuwa ƙasar Zurmi, inda gulbin Bunsuru ke ratsawa. Shi da Gagare duk cikin gulbin Rima ruwansu ke ƙarewa. Da an yi nesa da fadama, ƙasar jigawa ce, mai shanye ruwa kamar rariya. Maganinta taki. Kashin shanu da na awaki wanda ya ruɓe yana riƙe ruwa kamar soso. Bayan taki sai a lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko yankakken kara, don kada rana ta taɓa ƙasar kai tsaye. In ka ɗaga lulluɓin da azahar ka sa yatsa, za ka ji sanyi.

Akwai wani dalili da ya ƙara wa wannan ilimi daraja. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna hana mutanen Zurmi da Shinkafi zuwa gonakinsu na nesa. Ga gidaje da yawa, ɗan filin bayan gida ko na bakin gari shi ne abin da ya rage a noma ba tare da fargaba ba. Fangali goma na alayyafo da kuɓewa ba za su cika rumbu ba, amma za su sa miya a tukunya, su kuma kawo kuɗin littafi.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu dabaru. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma a Burkina Faso sun farfaɗo da wata tsohuwar dabara mai suna zai. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki, a yi shuka. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi fice a kanta, ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A yankin Tawa na Nijar ana kiran dabarar tassa.

To, 'yan makaranta, ga aiki. Ku nemi izinin malamin aikin gona, ku yi fangali biyu a bayan aji, ku dasa iri ɗaya. Ku lulluɓe ɗaya da ciyawa, ku bar ɗaya a buɗe. Ku riƙa ba su ruwa daidai wa daida, kuna rubuta bokiti nawa, kuna duba wanda ya fara yaushi. Kafin ku shayar, ku cusa yatsa cikin ƙasa. In da laima, ku bari sai gobe. Kuna iya binne sabon tulu har wuya a tsakiyar fangali, ku cika shi ku rufe bakinsa, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta jikinsa zuwa saiwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ma kada a zubar, amma ku guji mai sabulu da yawa, don gishirinsa na ɓata ƙasa.

In kun gwada, ku aiko mana da sakamakon, mu ga makarantar da za ta fi samun kwandon alayyafo da bokiti mafi ƙaranci.