Zahiri da Baɗini a Zayyanar Magabata

Daga cikin abubuwan da tsawon rai ya sanar da ni, bayan na ga jiya na ga yau a tsakanin tsangayun ƙasar Gaya da ƙauyukan Ajingi, akwai cewa aikin hannun gwanayen dā ba ya buɗe ƙofarsa ga mai gaggawa, domin alarammomin nan da suka rubuta Alƙur'ani mai girma da ka, sa'an nan suka ƙawata shi da zayyana, ba su kasance suna ɗiga tawada a inda ba su da dalili ba. Duk wanda aka kwance wa gafaka aka miƙa masa tsohon mus'hafi, ya ɗaga falle ɗaya ya duba shi ta fuskar rana, la'alla zai ga inuwar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, alamar masana'antun ƙasar Italiya, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita ta hanyar Tarabulus. Tun bai karanta harafi ɗaya ba, takardar ta ba shi labarin tafiyarta.

Amma inda hikimar ta fi yawa shi ne launuka. Baƙin nan na haruffa yambari ne, wanda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, kuma ba na iya ganinsa ban tuna ba cewa maƙeran Gaya ne, kamar yadda tarihi ya zo da shi, suka fara zuwa Dala neman tama. Ja kuwa na wasali ne, ɗigon ruwan ɗorawa na hamza ce, koren ɗigo a kan alifi yana gaya wa mai karatu ya sadar kada ya yanke, dukkansu bisa ruwayar Warshu da muka gada. Baƙo zai dubi 'yan da'irori uku a ƙarshen aya, da kumsa, da kuri, da manyan da'irorin da ke gefen shafi, ya ce marubucin nan ya iya zana furanni, alhali kowane gardi ya san kumsa aya ta biyar take ƙirgawa, kuri ta goma, na gefen kuwa su ne ke shaida masa ya kai sumuni, ko rubu'i, ko nusufi, ko ya cika izu, ko kuwa ya iso wurin sujada. Abin da jahili ya ɗauka ado ne, shi ne sandar da mahaddaci yake dogarawa idan dare ya yi nisa, ido ya gaji, wutar kara ta fara lafawa.

Bayan wannan akwai hatimi, wanda shi ba a shiga cikinsa sai da malami. Mafi shahara shi ne musallasi mai gida tara, da aka jera adadi daga ɗaya zuwa tara a cikinsa ta yadda ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, goma sha biyar za ka samu. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin wasu fannoninsa, kuma ni ba muftin wannan mas'ala ba ne. Abin da nake so matasa su sani shi ne ilmin hisabi ne mai zurfi, har ɗan ƙasar nan, Shaihu Muhammadu al-Kashinawi, ya yi talifi a kansa a shekarar 1732, ya kuma rasu a birnin Alƙahira a 1741 yana abin girmamawa ga malaman Misira.

Nasara ma suna da irin nasu. A babban gidan zane-zane na birnin Landan akwai hoton jakadun Faransa biyu, wanda gwanin zane Hans Holbein ya zana a 1533, ga su tsaye cikin tufafin alfarma, kewaye da littattafai da kayan auna taurari da wani abin kiɗa mai kama da molo da tsirkiya ɗaya a tsinke. A ƙarƙashin ƙafafunsu kuma ga wani dogon abu a karkace da ba shi da siffa, wanda ba ya bayyana sai mutum ya koma gefen hoton ya dube shi a kaikaice, nan take ya ga ƙoƙon kan matacce ne. Mai zanen ya ɓoye wa'azin mutuwa a tsakiyar ƙawar duniya, ya kuma ƙayyade wa mai kallo inda zai tsaya. Wannan ya ƙara mini yaƙini cewa ma'ana ta mai aikin ce, shi ya ajiye ta, shi ya ajiye hanyar isa gare ta.

Shi ya sa zuciyata ba ta natsuwa da masu tawili ba sanadi, waɗanda da sun ga dagin Arewa a jikin soro, ko aska takwas a gaban riga, sai su shiga lissafa asiran da babu wani magini ko maɗinki da ya taɓa jin su a bakin ubangidansa. Haƙiƙa akwai isharori a aikin magabata, amma akwai kuma abin da gwani ya yi don kawai ya yi kyau, kuma kyau a wurin ma'abota sana'a bai taɓa buƙatar uzuri ba.

Abin da ya fi wannan ciwo, na sha ganin allon zayyana a walimar sauka, an yi shi da biro da fentin kasuwa, an kwaikwayo hatimi daga wani tsohon allo, adadin gidajensa ba su haɗu ba, saboda wanda ya kwafa ya zaci su ma ƙawa ce. Har yanzu akwai sauran tsofaffin alarammomi a ƙauyukanmu da suka san dalilin kowane ɗigo, kuma da ɗaliban Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Ɗan Hausa za su zo su durƙusa a gabansu da takarda da alƙalami, su tambaye su shafi bayan shafi, da sun sami abin rubutawa mai yawa tun masu shi suna da ƙarfin bayani.