Akuyar da Ba Ta Cin Dusa

'Yan'uwana mata, iyayenmu ba su taɓa zuba dukiyarsu wuri ɗaya ba. Wani abu a akuya, wani a tasoshin jere, wani a adashi. In ciwo ya kashe akuya, tasa tana nan. To, dabarar nan tasu na ɗauka na kai kasuwar hannun jari.

Hannun jari, watau ki sayi ɗan yanki na kamfani ta hannun dillali mai lasisi. In kamfani ya ci riba a ba ki rabonki, ya faɗo asusunki na banki. Ni ribar ƙuli-ƙulina uku na kasa ta: kashi ɗaya kamfanin siminti, ɗaya na sukari, sauran kuwa sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi, babu kuɗin ruwa a ciki. Kamfanin giya kam, ko kyauta ba na so.

Amma fa farashi hawa yake yana sauka. A 2008 kasuwar Legas ta faɗi warwas, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi jari su suka fi shan wuya. Saboda haka kuɗin cefane da na makarantar yara ba sa zuwa can, sai abin da zan iya kau da kai daga gare shi shekara biyar.

Maigida kullum sai ya tambaye ni yadda farashi ya kwana. Ni kuwa sau ɗaya nake dubawa a wata. Takardun da sunana suke, suna cikin adaka, 'yata ta fari ta san wurin.