Wake Ya Fi Wake

Wake shi ne naman talaka. Wannan magana sananniya ce tun daga Dogon Dutsi har Damagaram, kuma ƙasar Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. To amma kamar yadda tunkiya take fin tunkiya ƙiba, haka wani wake yake fin wani amfani a jikin mutum.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, wanda wannan zance ya hana shi sakat. Kowace damana yana shuka wake iri uku a tsakanin hatsi. Akwai fari mai manyan ƙwayoyi, wanda ƴan kasuwa suke so. Akwai ja mai saurin nuna, wanda yake fid da gida daga yunwar tsakiyar damana. Akwai kuma na gado mai yaɗo, wanda ake shukawa saboda harawa. In kaka ta yi, fari ya tafi kasuwa, harawa ta hau bisa runfa, ja kuwa a ci shi wata biyu ya ƙare. Daga nan sai fura da tuwon hatsi har wata damana.

Wata shekara aka yaye jikarsa, yarinyar ta rame, gashinta ya yi ja. A gidan likita aka ce tamowa ce da ƙarancin jini. Aka ba ta magani, aka ce a riƙa sa mata garin wake cikin kunu. Da suka komo gida, uwargida ta ce masa: "Malam, waken da likita ya faɗa, ai shi ne ka kai kasuwa." Bai tanka ba, amma maganar ta zauna masa a rai. Ran kasuwa ya tari malamin gona, ya ce: "Ɗana, cikin waken nan nawa uku, wanne ya fi gina jikin yaro?" Malamin ya ce: "Baba, ido ba ya rarrabe wannan. Farin fata ko girman ƙwaya ba su ne shaida ba, sai an auna."

An kuwa auna. A shekarar 2011, masu bincike na cibiyar IITA, wadda take Ibadan da reshe a Kano, sun bayyana sakamakon awon irin wake 1,541. Suka tarar sinadarin da yake gina tsoka, wanda ake kira furotin, ya kama daga kashi 17.5 har zuwa kashi 32.5 cikin 100, matsakaicinsa kashi 25. Ke nan kilo guda na wani wake yana da giram 175 na furotin, na wani kuwa giram 325, kusan ninki biyu. Sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, ya kama daga miligiram 34 zuwa kusan 80 cikin kilo. Zinki, mai taimakon girman yaro da warkewar ciwo, daga 22 zuwa 58. Tiya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma abin da tukunya ta samu ba ɗaya ba ne.

Me ya kawo wannan bambanci? Na farko gado ne, don kowane iri da halinsa. Na biyu ƙasa ce. A saiwar wake akwai ƴan ƙulle-ƙulle masu jawo abincin shuka daga iska, da shi ƙwaya take yin furotin. Jigawar da ta gaji, wadda ba ta ga taki ba, ba ta barin ƙulle-ƙullen nan su yi aiki sosai. Na uku ajiya ce, don waken da ƙwari suka huda sun riga yara cin amfaninsa.

Abin da ya kwantar wa dattijon da hankali shi ne da malamin ya ce masa ko waken da ya fi kowanne rauni ya fi hatsi furotin, don na hatsi bai cika wuce kashi 11 ko 12 cikin 100 ba. Kuma akwai wani ɓangare na furotin da hatsi yake da ƙarancinsa, wake yake da shi da yawa. In an gama su cikin cimaka ɗaya, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Tun daga nan ya sake tsari. In kaka ta yi, sai ya ware na gida kafin ya ware na kasuwa, ya zuba shi cikin buhu mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a shekarar 2007 da sunan PICS. In an ɗaure shi tam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ya nemi irin da cibiyar INRAN take fitarwa, wadda aka kafa a 1975, mai tashar bincike a Tarna kusa da Maraɗi, irin su TN5-78 da TN88-63. Bai kuma yar da na gado ba, don wanda ya riƙe iri ɗaya, halin iri ɗaya kaɗai zai ci.

Uwargida ita ma ta yi nata. Tana jiƙa wake ya kwana, ta zubar da ruwan, don jiƙon yana rage abin da yake hana hanji karɓar ƙarfe. Tana sa tumatir ko ta matsa lemun tsami, don suna taimakon jiki ya karɓe shi. Shayi kuwa ba a ba yara shi a kan cimaka, saboda yana tare ƙarfen. Yau ɗanwake, gobe ƙosai, jibi beruwa irin ta mutanen Arewa.

Manomi in zai zaɓi iri, tambayoyinsa sanannu ne: kwana nawa yake nuna, yana jure fari, yana tsere wa ƙuduji, yana da harawa, yana da kasuwa? Ya kamata a ƙara ta shida, a riƙa yi wa malaman gona da masu sayar da iri ita, har su saba zuwa da amsarta: me wannan wake zai ƙara a jikin yaro?

Allah ya ba da damana mai albarka.