Neman Mindar Mazan Jiya A Cikin Birnin Kano

Yau filinmu zai zaga da ku cikin birnin Kano, amma ba ganin gari kaɗai za mu ba, akwai dalili. Kowace damina in ruwa ya yi ƙarfi, sai an ji ɗakin ƙasa ya faɗi a wata unguwa ta cikin ganuwa. In Allah ya tsare rai sai a gode, a shiga tonon kwanuka da tufafi. Amma akwai wani ɗan abu da kan salwanta a irin wannan rana, ko ran gobara, ko daren da ɓarawo ya haura katanga, ba a kuwa tunawa da shi sai hankali ya kwanta. Shi ne minda, watau lambar yabon nan da a kan ba soja bayan yaƙi.

Ga asalin yadda ta shigo gidajenmu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Samari da yawa na ƙasar Hausa suka shiga soja, har ma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Waɗansu an kai su Gabashin Afirka suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a 1941. A 1943 aka kafa runduna biyu ta sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su ƙasar Boma, wadda yanzu a ke kira Myanmar, suka kara da Japan a cikin kurmi har 1945. Shi ya sa har yau akwai barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Dodan a Ikko, duk sunaye ne da aka kawo daga wancan yaƙi.

Kakana yana cikin waɗanda suka je suka dawo. Da ya rasu, mindarsa ta zauna a adakar Gwaggona, babbar 'yarsa, har damina ta rushe ɗakin, aka kwashe ƙasa ba a gan ta ba. Tauraron Boma ce, mai tsini 6, launin tagulla, ƙyallenta ja ne a tsakiya, shuɗi a gefe, da ratsin ruwan goro. Gwaggo ta ce mini, "'Yar nan, ke da ki ka yi karatun malanta, raka ni mu nemo wa Baba abinsa." Na ce, "To, Gwaggo."

Daga Ƙofar Nassarawa mu ka tashi, mu ka bi hanyar fada, mu ka fara tsayawa a Gidan Makama, tsohon gini na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda yanzu gidan tarihi ne. Soraye ne masu sanyi da kauri, an jera kayan yaƙin dā, su sulke da takubba da masu. Abin da na lura da shi, kowane abu da 'yar takarda kusa da shi mai bayani. Ba don takardun nan ba, da baƙo sai ya wuce yana cewa tsofaffin ƙarafa ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Sa'an nan mu ka wuce ta gaban babban Masallacin Juma'a, mu ka gangara Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa ta ke ci. Lungunanta ƙunci gare su, mutum biyu da ƙyar su ke gittawa, ga ƙanshin jima da turare da kayan yaji. Mu ka sami masu sayar da tsofaffin kaya, ga anini da kwabo mai huji, ga kayan doki da mundayen tagulla. Gwaggo ta kwatanta wa wani dattijo abin da mu ke nema. Ya ce, "Hajiya, ba ni da ita, amma in akwai hoto, maƙerin farfaru sai ya zuba miki irinta." Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ba tagulla na ke nema ba."

Gaskiyarta kuwa. Ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: taurarin da Ingila ta raba na wannan yaƙi, da na Boma da na Afirka, ba a buga sunan mai su a jiki ba. Saboda haka ko da za ki tsinci ɗaya a kasuwa, ba abin da zai nuna ta mahaifinki ce ko ta wani. Abin da ke ɗauke da sunan mutum shi ne takardar sallama, wadda aka ba kowane soja ran da ya tuɓe kaki. A ciki ne za ki ga sunansa, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da shekarun da ya yi. Tamu Allah ya tsare ta, domin tana cikin gafakar Kawu, tare da littattafan marigayin.

To, wadda irin wannan asara ta sama, ga abin yi. Da fari a kai rahoto ga 'yan sanda tun abin yana da ɗumi, a karɓi takarda. Sa'an nan a je kotu a yi takardar rantsuwa, a faɗi abin da ya ɓata da yadda ya ɓata. Daga nan a haɗa su da takardar sallama, da hoto in akwai, a kai reshen jiha na Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, a nemi shawararsu. Kada a miƙa wa kowa ainihin takardar, a ba da kwafinta. A Ingila ma, ofishin minda na Ma'aikatar Tsaro ba ya sāke wa iyalan sojansu minda sai in sace ta aka yi, ko gobara ko ambaliya ta ci ta, sai kuma an kawo shaida, an biya kuɗi. In haka su ke yi wa nasu, kun ga ba inda za a je hannu sake.

Da la'asar mu ka hau Dutsen Dala, Gwaggo tana hutawa a kan matakala. Daga sama birni duka yana shimfiɗe, rufin kwano ya cinye yawancin sorayen ƙasa. Can arewa ga filin jirgin sama, inda a zamanin yaƙin, tun daga 1940, jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi su ka riƙa sauka su sha mai, su wuce Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Nan ne Gwaggo ta shiga ba ni labarin da mahaifinta ya ba ta, na ruwan sama mai kwana da kwanaki, da kayan da su ke ɗauka a kā cikin duwatsu. Na fid da littafi na rubuta, domin duk danginmu ita kaɗai ta rage da ta ji daga bakinsa.

'Yan'uwa, mu ne masu ajiya a gida, adaka da akwati a ɗakinmu su ke. Rigakafi kuwa ya fi magani. Kowace mai minda a gida, ko ta Boma, ko ta Kwango, ko ta Laberiya, ta fito da ita tun kafin damina. A naɗe ta cikin ƙyalle busasshe, a sa a gwangwani mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Takardar sallama kuwa a yi kwafinta a rarraba gidajen dangi, a ɗauki hotonta da waya. Sa'an nan a zaunar da tsofaffin gida a tambaye su, a sa 'yan makaranta su rubuta, tun da da tsohuwar zuma a kan yi magani. In 15 ga Janairu ta zo, ranar tunawa da sojoji, a fito da kayan a nuna wa yara, a gaya musu sunan kakansu da inda ya je.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya raya mana zuriyarsu. Sai mako mai zuwa.