Wasiƙa Mai Lulluɓi

A gidanmu, lokacin da nake yaro, wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan ƙanen mahaifina da ke fawa a Inugu ya aiko da takarda ta hannun direban motar shanu, bayan la'asar ake taruwa a zaure, a miƙo mini ita saboda ni ne ɗan boko, in karanta da ƙarfi. Labarin da ke ciki bai fi layi biyar ba, sauran duk gaisuwa ce. A gai da Baba, a gai da Inna, a gai da Liman da Mai'unguwa, har da makahon da ke zama a ƙofar masallaci. Kowa ya kasa kunne yana jiran ya ji an kira shi. Wata shekara ya tsallake sunan wata gwaggonmu, ba da nufi ba, sai da aka yi wata biyu ana ba ta haƙuri. Da wannan tarbiyya na tashi, wato kiran suna girmamawa ne, tsallake shi kuwa raini. Haka maroƙi yake yi a wajen biki, haka masu gaisuwa a filin zaɓi-sonka na rediyo, haka kuma katin ɗaurin aure da ake cika bayansa da sunaye har babu masaka tsinke.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin tunanin da ya kai ni ga kuskuren da zan ba da labari, ba don in wanke kaina ba.

Binciken digirina na uku a kan adabin baka na Hausawa mazauna gabashin Nijeriya na yi shi. Zaman nasu ba na jiya ba ne. Tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 saboda kwal, daga baya kuma ta haɗu da ta Arewa, shanu da wake da albasa suke gangarawa, manja yana hawowa, mutane kuma suna bin kayansu. Har ta kai a shekarun 1950 wani ɗan Arewa mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu ta hanyar zaɓe. Amma zaman yana da tabo. Akwai na 1966 da yaƙin da ya biyo baya, akwai kuma na Fabrairun 2006, lokacin da rikicin da ya tashi a Maiduguri ya jawo ramuwar gayya a Anaca, aka rasa rayuka a can da nan. Duk wanda na zauna da shi a waɗannan unguwanni, ko a bakin gadar Anaca, ko a Diobu ta Fatakwal, ko a kasuwar shanu ta Ugwuoba, yana da labarin ranar da ya gudu da kuma labarin maƙwabcin Ibo da ya ɓoye shi, ko ya riƙe masa shago har ya dawo. Irin wannan labari na sha ji a Sabon Garin Kano daga bakin 'yan kasuwar Ibo, sai dai a juye.

Cikin shekara biyu na tara adireshin imel na mutum arba'in da uku. Dattawan ba su da shi, na 'ya'yansu suke ba ni, ko na sakataren ƙungiya, ko na wani ɗalibi da ke karanta musu saƙo. Ba su ba ni don in rarraba ba. Sun ba ni ne kamar yadda mutum yake nuna wa baƙo ƙofar gidansa.

A ranar 6 ga Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye wa'adin a watan Agusta, amma magana zarar bunu ce. A watan Satumba sojoji suka shiga atisaye a kudu maso gabas, aka yi tashin hankali a Aba da kuma Oyigbo, kusa da Fatakwal. Ina zaune a ofis hankalina ya tashi, sai na ce bari in yi abin da ɗan halak zai yi, in tambayi lafiyar mutanena, in kuma sanar da su na ɗage zuwan da na shirya. Na rubuta wasiƙa ɗaya, na kwashi adireshin nan arba'in da uku na zuba su duka a gurbin farko, na aika. Har wani daɗi na ji da na ga sunayen sun jeru reras, kamar gaisuwar ƙanen mahaifina.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayani, domin na lura da yawa daga cikin abokan aikina ma ba su taɓa kula ba. A saman kowace wasiƙar imel akwai gurabe uku. Na farko na wanda aka rubuta wa ne. Na biyu, mai alamar Cc, na waɗanda aka ba kwafi ne domin su sani. Sunan ya samo asali daga zamanin tafireta, lokacin da akawu yake cusa takardar kabon tsakanin farare biyu, bugu ɗaya ya fitar da wasiƙa biyu, sa'an nan ya rubuta a ƙasa su wane ne aka ba kwafi. Duk wanda aka sa a waɗannan gurabe biyu, kowa yana ganin kowa. Na uku, mai alamar Bcc, shi ne ɓoyayyen kwafi, kuma sau da yawa sai an latsa shi kafin ya bayyana. Wanda aka sa a nan wasiƙa za ta same shi, amma sauran ba za su ga adireshinsa ba. Hikimar ita ce imel yana da ambulan yana da takarda. Na'urorin da ke kai saƙo ambulan suke dubawa, mai karɓa kuwa takardar kawai yake gani, kuma ba a rubuta sunayen 'yan gurbi na uku a jikinta. Wannan tsari ya girme ni ko kuwa mun yi sa'a da shi, domin yana cikin ƙa'idojin imel da aka rubuta a Amurka tun 1977. Turawa makahon kwafi suke ce masa, ni kuwa na fi ganinsa a matsayin wasiƙa mai lulluɓi: tana tafiya, tana isa, ba a dai ga fuskokin 'yan rakiyarta ba.

Ban yi amfani da shi ba. Kafin magariba amsoshi suka fara shigowa. Wani saurayi daga Fatakwal, cikin kyakkyawar niyya, ya latsa maɓallin amsa wa kowa. Ya ce suna lafiya, sun tara mata da yara a gidan wane, a layi kaza, kuma daren jibi motar wane za ta kwashe su zuwa Arewa daga wuri kaza. Wannan bayani ya tafi ga mutum arba'in da uku, a garuruwa uku, waɗanda yawancinsu ba su san juna ba. Bayan sallar isha sai ga wata amsa da Turanci daga wanda ban sani ba, yana tambaya ko ni wane ne, kuma me ya sa ake turo masa waɗannan abubuwa. Na duba littafina na ga ashe harafi ɗaya na kuskure wajen kwafe wani adireshi. Wasiƙata, da jerin sunayen, da labarin mota da daren tashinta, duk suna hannun wani bawan Allah da ban san garinsu ba, ban san yarensa ba, ban san zuciyarsa ba. Wataƙila ba ya jin Hausa. Wataƙila kuma maƙwabcinsa yana ji.

Ban yi barci ba a daren nan. Da asuba na yi ta buga waya. Aka sauya gidan, aka sauya ranar tafiya, wata mai tsohon ciki ta kwana biyu a shagon wani ɗan'uwanta a kan buhunan wake. Babu abin da ya sami kowa, alhamdu lillahi, kuma mai yiwuwa mutumin nan goge saƙon ya yi ya ci gaba da harkarsa. Amma rashin aukuwar ɓarna bai mayar da ganganci ya zama daidai ba.

Kwana uku bayan haka wani dattijo daga Anaca ya kira ni. Shi ne wanda na fi sa rai da shi a binciken, domin ya haddace waƙoƙin da masu koro shanu da ƙafa suke yi a hanya kafin zuwan manyan motoci, kuma ya yi mini alkawarin zama uku. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, yarona ya karanta mini takardarka, mun gode da gaisuwa. Amma ya ce mini sunansa yana nan a sama tare da na mutane da yawa, kowa yana gani."

Na ce, "Haka ne, Baba. Kuskurena ne, a gafarce ni."

Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka san mu nan baƙi ne, ko da an haife mu a nan. Baƙo ba ya son a ƙirga shi."

Daga ranar, duk lokacin da na nemi zama sai yaron ya ce Baba ba ya jin daɗi, ko ya yi tafiya. Ya rasu a 2019. Abin da nake da shi daga gare shi bai wuce minti goma sha ɗaya ba, na zamanmu na farko, kuma rabinsa ƙarar babura ce. Babin da na tsara a kan waƙoƙin hanya ya koma sakin layi biyu a kundina. Masu jarrabawa ba su lura ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne, ko da yake wannan ba ya rage zafi. A ranar 20 ga Satumbar 2021, makonni kaɗan bayan 'yan Taliban sun karɓe Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta aika wasiƙa ɗaya ga 'yan Afganistan 245 da suka yi mata aiki suke neman a kwashe su, ta jera adireshinsu a fili. Mutum biyu suka amsa wa kowa, ɗaya har ya faɗi inda yake. A Disambar 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Da na karanta labarin sai na ga saurayina na Fatakwal sak. Mu ma a nan an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Amma abin da ya fi damuna yanzu shi ne zaurukan WhatsApp, inda kowane mai kishin zumunci yake kwashe lambobin mutane ya zuba a wuri ɗaya ba tare da ya tambaye su ba, kuma a can babu gurbi na uku sam.

Kada a ɗauka ina yi wa ɓoyayyen kwafi kirari ne kawai. Lulluɓin da ke rufe mutunci shi ne kuma ɓarawo yake yafawa. Na taɓa aiki a wani wuri inda wani abokin aiki ya rubuto mini wasiƙa mai laushi a kan jinkirin sakamakon jarrabawa, ashe ya sa shugabanmu a gurbi na uku. Asirin ya tonu ne da shugaban, wanda bai lura a ɓoye aka sa shi ba, ya amsa wa kowa. Wannan gulma ce da aka saka wa rigar fasaha, kuma bambancinta da waccan a fili yake: a ɗaya ana ɓoye mutane ne don a kare su daga idon da ba su yarda da shi ba, a ɗaya kuwa ana ɓoye mai leƙe ne don a cuci wanda ake magana da shi. Haka kuma lulluɓin ba sulke ba ne. Jerin sunayen yana nan a akwatin mai aikawa, kamfanin da ke riƙe da akwatin ya sani, kuma duk wanda ya tsinci wayarka a buɗe zai gani.

Akwai kuma abin da ban zata ba. Da na koma rubuta wa mutanena da sunayensu a rufe, wani limami a Inugu ya aiko mini cewa shi wannan sabon salo bai kwanta masa ba. Ya ce da yana ganin su wa aka gayyata, ya san irin taron da za a yi da irin maganar da zai faɗa, yanzu kuwa kamar an kira shi ɗaki mai duhu an ce ya yi sallama. Ban iya musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma irin gaskiyar gwaggona ce da aka tsallake sunanta. Mutumin da ya saba a kira shi a gaban jama'a yana jin ɓoyewa kamar an rage masa daraja, ko ana shirya wani abu a bayansa. Abin da na iya yi shi ne na riƙa buɗe kowace wasiƙa da cewa na aika ta ga mutum kaza a Fatakwal da Anaca da Inugu, na rufe sunayen da gangan, wanda yake son a haɗa shi da wani ya faɗa mini in nemi izinin wancan tukuna. Dattawa kuwa, irin su Liman, nakan rubuta wa kowannensu tasa daban, da sunansa da laƙabinsa da gaisuwar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana cin lokaci, wani zubin yammaci guda.

Bara yaron marigayi dattijon nan na Anaca ya yi aure, ya turo mini hoton katin gayyata. Na juya zuwa shafi na biyu, inda aka jera 'yan'uwa da abokan arziki, sunaye sun fi sittin, kowanne da garinsu, wasu har da lambar waya. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi a zaurenmu, sai na tsinci nawa a layi na huɗu daga ƙasa, an rubuta "Malam na Jami'a". Na daɗe ina kallonsa kafin in kira shi in yi masa Allah ya sanya alheri.